Gadar Jebba ba kyautar Bature ba ce

Duk jirgin ƙasan da zai taso daga Legas ya nufi Minna, Kaduna, Zariya ko Kano, wuri ɗaya ne tak zai iya tsallake kogin Kwara, wanda a makaranta ake ce wa Neja. Wurin nan shi ne gadar Jebba, a kan iyakar jihohin Kwara da Neja na yau. Ta haura shekara ɗari tana tsaye a cikin ruwa. Idan zancenta ya taso, a majalisar ƙofar gida ne ko a Facebook, maganar ba ta wuce iri biyu. Wasu su ce ka ga aikin Bature, shekara ɗari ko gezau, mu kuwa namu damina biyu ta ishe shi. Wasu kuma su ce ai kayan 'yan mulkin mallaka ne, don kwashe arzikinmu aka gina ta, in ta ga dama ta ruɓe tunda ga sabon layi nan tafe. Masu yabon da masu tsinuwar sun haɗu a abu guda: dukansu sun ɗauka gadar ta Bature ce. Ni a ganina nan kuskuren yake, kuma kuskure ne mai tsada, domin abin da mutum bai ɗauka nasa ba, ba ya kula da shi. Gadar Jebba tamu ce. Da kuɗin ƙasar nan aka biya ta, da ƙarfin mutanen ƙasar nan aka kafa ta, kuma mu ne za mu kwana a ciki ranar da wani abu ya same ta.

A Jebba kogin ya rabu biyu, ya zagaye wani tsibiri inda Nupawa suka daɗe da zama, sannan yankin duwatsu ne. Abin da ya ja hankalin injiniyoyi ke nan: maimakon doguwar gada ɗaya, sai a yi biyu, tsibirin ya zama matakala a tsakiya. Amma tun kafin a yi mafarkin dogo, wannan yanki mashigi ne. Fataken Kano da Katsina da Zazzau masu kai kanwa da baƙin rini da jan fata Ilori, a nan kusa suke tsallaka ruwa, musamman a Raba, tsohuwar hedikwatar sarakunan Nupe da ke gangaren kogin kaɗan. Kedawa, Nupawan da ke riƙe da sha'anin jiragen ruwa, su ke fito da mutane da jakuna da kaya, a biya su kuɗin fito. Ayari mai girma yakan yi kwanaki a bakin gaɓa kafin na ƙarshe ya haye. Turawa ba su ƙirƙiro hanyar ba, tarar da ita suka yi. Bayan kamfanin Royal Niger ya ci Bida da Ilori da yaƙi a 1897, sai aka kafa barikin soja a Jebba, kuma da Lugga ya karɓi mulkin Arewa a ranar 1 ga Janairun 1900, a nan ya fara zama kafin ya koma Zungeru a 1902.

Shi kuwa dogo, a 1896 aka fara shimfiɗa shi daga Legas, ya isa Badun a 1901. Daga nan gardama ta kaure tsakanin Turawan mulki su ya su. Gwamnan Kudu, Walter Egerton, so yake layin Legas ya zarce Arewa, duk abin da Kano za ta fitar ya bi ta tashar jiragen ruwan Legas. Lugga da magajinsa Percy Girouard, wanda shi asalinsa ma injiniyan dogo ne ɗan Kanada, ba su yarda ba. Su so suke Arewa ta samu ƙofarta ta kanta: a ja layi daga Kano zuwa Baro a bakin Kwara, daga can jiragen ruwa su gangara da kaya zuwa teku. Masu masaƙun Manchester kuma suna ta matsa lamba, don sun ƙwallafa rai cewa ƙasar Hausa za ta ciyar da su da auduga. A ƙarshe Landan ta amince da duka biyun. A 1907 aka fara layin Baro zuwa Kano, ƙarfen ya iso Kano a watan Maris na 1911. Layin Legas kuma ya iso bakin ruwa a Jebba a 1909, ya zarce ta Zungeru ya haɗu da ɗan'uwansa a Minna. A watan Oktoban 1912 aka haɗe hukumomin layukan biyu suka zama ɗaya. A lura da wannan kwanan wata: an haɗe dogo kafin a haɗe ƙasar a 1914.

Sai dai akwai giɓi a tsakiya. Gadar reshen arewa, wadda ta fi sauƙi, ita aka fara gamawa. Reshen kudu, mai faɗi da zurfi, shi ya ba da wuya. Shekaru da dama jirgi in ya zo Jebba sai ya tsaya, a kwance taragu, a tura 'yan kaɗan su hau wani babban jirgin fito mai layin dogo a bayansa, ya haye da su, ya dawo ya ɗauki wasu. Ruwa ya ƙaru, a gyara gangaren da taragun ke bi. Ruwa ya janye, a sake gyarawa. Kayan da ya taho da gudu daga Legas ko Kano, a nan yake yin layi yana jiran fito, kamar dai yadda fatake suka riƙa yi da jakunansu. Ba a rufe wannan giɓi ba sai da Yaƙin Duniya na Farko ya shiga shekararsa ta biyu, inda aka kammala babbar gadar da tsawonta ya haura rabin kilomita. Daga 1916 jirgi kan taso daga Legas ya isa Kano ba tare da an kwance shi ba.

Yana da kyau mai karatu ya tsaya ya hango irin aikin. Kwara a Jebba ba irin kogunanmu na Arewa ba ne da kan ƙafe da rani har yara su yi ƙwallo a cikin yashi. Cika biyu yake yi a shekara. Akwai ta damina, wadda ruwan saman nan kusa ke kawowa da laka, tana kaiwa ƙololuwa wajen Satumba da Oktoba. Akwai kuma ta biyu, ruwan da ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai cikin hunturu yake isowa Najeriya, bayan ya zubar da lakarsa a hanya. Wannan yana nufin lokacin da ruwa ke yin ƙasa sosai har a samu sararin aiki a gindin kogi ɗan kaɗan ne, kuma duk abin da ba a ɗaure ba kafin cika ta dawo, ruwa zai tafi da shi. Ƙafafun gada irin wannan ba a kan yashi ake dasa su ba, sai an nutsa an tarar da ƙasa mai ƙarfi ko dutse. A zamanin babu manyan injinan haƙa irin na yau. Mutane ne ke sauka cikin rami da diga da shebur da kwando, ruwa na kewaye da su, suna fito da yashi ana ɗaukewa a ka.

Ƙarafan saman kuwa a masana'antun Birtaniya aka ƙera su guntu-guntu, aka yi musu lamba, aka ɗoro su a jirgin ruwa, aka zo aka harhaɗa a bakin kogi. Walda ba ta zama ruwan dare ba a lokacin, da ƙusoshin ƙarfe ake ɗinke gada. Mutum ɗaya na gaban ƙaramar maƙera yana gasa ƙusa har ta yi jawur. Ya cafko ta da awartaki ya miƙa wa na biyu, shi kuma ya zura ta a hudar da ta ratsa ƙarafan biyu. Na uku ya tokare kanta ta baya da gungumen ƙarfe, na huɗu ya yi ta dukan ɗaya bakin har ya baje ya zama kai. In ta huce sai ta tsuke, ta matse ƙarafan gam. Ƙusa ɗaya ke nan, a gadar da ke ɗauke da dubbai, a saman ruwa, cikin zafin kwarin Kwara da sauro. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohuwar gadar dogo ya ga kawunan ƙusoshin nan jere reras a jikin ƙarfe, to kowane ɗaya hannun mutane ne ya bi ta kansa.

Su wane ne mutanen? Injiniyoyi da manyan masu duba aiki Turawa ne, wannan ba a musu, kuma ban ga dalilin hana su yabon iya lissafinsu ba. Amma su 'yan ƙalilan ne. Kafintoci da maƙera da akawuna a aikin dogo na wancan zamani yawanci daga Legas da Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, suka zo. Ɗimbin masu haƙa da masu dako kuwa mutanen ƙasa ne, Nupawa da Yarabawa da Gwarawa da Hausawa. Kuma a layukan da suka kai ga gadar, musamman na Baro zuwa Kano, da yawansu ba da son ransu suka je ba. Razdan ya gaya wa sarki adadin da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. Mutum ya bar gonarsa ya tafi makonni, a biya shi 'yan kwabbai, kwabban nan kuma su koma hannun mai karɓar haraji. Ba kowa ya sunkuyar da kai ba. A 1909 Gwarawan Gussoro, a yankin da ake ɗibar leburori, sun yi wa ayarin wani jami'in Bature kwanton ɓauna suka kashe shi, aka turo soja aka murƙushe su. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aikin ya ratsa ƙasarsa, ya bar mana Waƙar Diga a kan abin da ya gani, kuma shi ma daga baya Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Rahotannin gwamnatin mulkin mallaka a lissafi suke ambaton waɗannan mutane, dubu kaza a wata kaza. Jikokinsu ne yau ke cewa aikin Bature.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mutane suka fi jahilta. Gaskiya ne baitulmalin Birtaniya ya riƙa ba gwamnatin Arewa tallafi a shekarun farko don ta biya albashi da soja. Amma dogo ba kyauta aka yi shi ba. Bashi aka ciwo a Landan da sunan Najeriya, har layin Baro zuwa Kano ma da amincin asusun Kudu aka samo kuɗinsa, kuma daga kuɗin shigar ƙasar nan aka riƙa biyan uwar kuɗi da ruwa shekara da shekaru. Kuɗin shigar kuwa daga ina? Daga kuɗin kwastan da ake ɗorawa a kan kayan da talaka ke saya, daga haraji da jangali, daga kuɗin dakon da reluwe ke karɓa a kan gyaɗa da fata da kuza. Sannan ƙarfe da siminti da kawunan jirgi duk ta hannun wakilan masarautar Birtaniya ake sayo su daga kamfanonin Birtaniya. Wato an ranta mana kuɗi, an sayar mana da kaya da kuɗin, mun yi aikin da hannunmu, mun biya bashin da ruwansa. Wanda ya gina gida a haka, ba a ce masa ɗan haya.

Masu cewa don kwasar arziki aka yi gadar ba ƙarya suka yi ba. Kalli taswirar dogon Najeriya ta zamanin Turawa: layuka ne daga inda kaya yake zuwa bakin teku. Na yamma ya ɗauko gyaɗa da auduga da fata ya kai Legas. Na gabas, wanda aka fara daga Fatakwal saboda kwal ɗin Inugu, ya haura har ya haɗu da na yamma a Kaduna a 1927, shi ma ya yi shekaru yana fito da taragu a Makurɗi kafin kamfanin Sir William Arrol ya gama gadar Binuwai a 1932. Babu wanda ya zauna ya ce bari a sada Sakkwato da Maiduguri don mutanensu su yi zumunci. Amma niyyar mai gini daban, abin da jama'a suka yi da ginin daban. Auduga Manchester ta so, manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa. A kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har reluwe ta rasa taragun ɗauka, kuma abin da ƙasar ta fitar a 1913 ya ninka na shekarar da ta gabata sau da yawa. Attajiran Kano ne suka shiga ƙauyuka suka ba da kuɗi da kaya a kan amana, suka tattaro ta. Daga cikin irin waɗannan ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda tun kafin gyaɗa ya riga ya gane cewa goron Gwanja zai fi saurin isowa Kano idan aka ɗora shi a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Legas, sannan a sa shi a jirgin ƙasa, maimakon watannin da ayari ke yi a ƙasa. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita a hotuna, buhu-buhu ta bi ta kan gadar Jebba.

Shanu suka gangara Kudu a tarago, goro ya hauro. Unguwannin Sabo na Hausawa a Badun da Shagamu da Agege suka cika, Sabon Garin Kano da na Zariya suka cika da mutanen Kudu. Malamai da almajirai, 'yan ci-rani, sojoji, amare, gawawwaki, duk ta nan suka bi.

Ba kowa ne ya ci riba ba, kuma wannan ma yana cikin tarihin da ya kamata a faɗa. Kedawa sun rasa babban rabo na sana'ar fito da dakon ruwa. Madugai da masu jakuna sun ga kasuwarsu tana ja da baya. Hanyar Sahara daga Kano zuwa Tarabulus, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru raƙuma na bi, ba ta sake tashi ba bayan dogo ya iso Kano, har Larabawan Kano da kansu suka koma aika fatunsu ta Legas. Sai kuma Baro. Manyan jiragen ruwa ba sa isa can sai a 'yan watannin da kogi ya cika, don haka ranar da gadar Jebba ta buɗe, gardamar Egerton da Girouard ta ƙare, Legas ta yi nasara. Layin Minna zuwa Baro ya yi ta lalacewa har aka daina bin sa. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya je ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, amma tashar da ba dogo mai aiki, ba hanyar mota mai kyau, ba a yashe kogi yadda ya kamata ba, kaya ba za su zo mata ba. Abin nufi shi ne, tun 1916 ƙofar Arewa zuwa tashar Legas ta dogo ɗaya ce, kuma a kan ƙafafun gadar nan take.

Yanzu ga masu cewa aikin Bature ko gezau. Ƙarfen Birtaniya ba shi da wani asiri, tsatsa na cin sa kamar kowane ƙarfe. Abin da ya raya gadoji irin na Jebba da Makurɗi shi ne tsarin kula da su, kuma 'yan ƙasa ne ke gudanar da shi. An raba layi kashi-kashi, kowane yanki da ayarin leburorinsa da helumansu, suna zaune a 'yan gidajen reluwe a gefen dogo. Da sassafe mutum ya bi layin da ƙafa, da guduma da sufana a kafaɗa, yana duba ƙusar da ta saki da katakon da ya ruɓe. Kafin damina a yashe kwalbatoci da magudanai. Mai duba layi ya zo a kan ƙaramin keken da ake turawa bisa dogo, ya rubuta abin da ya gani. Gada kuma a kankare tsatsa, a shafa jan fenti, a ƙwanƙwasa ƙusoshi a ji wadda ta yi sako-sako a sauya ta. Aiki ne marar armashi, ba a yanka ƙyalle a kansa, ba a gayyatar 'yan jarida. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta gaji wannan tsari ta kuma riƙe shi shekaru bayan samun 'yancin kai. Da kuɗin mai ya zo aka karkata ga tituna da manyan motoci, aka bar reluwe da bashin albashi da fansho, ma'aikata suka ragu, gidajen gefen layi suka zama kangaye. Ba iyawa muka rasa ba, tsarin muka yar. Faɗin cewa Bature ne kawai ya iya, hanya ce ta sauke wa kanmu nauyi, kuma cin fuska ne ga dattawan reluwe da har yanzu suna raye a Zariya da Kafanchan da Minna, waɗanda suka yi wannan aiki da hannunsu.

Ga masu cewa a bar ta tunda sabon layi na zuwa, sai in ce su duba inda sabon layin ya tsaya. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Legas zuwa Badun a 2021, ana kan na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Madalla da su. Amma tsakanin Badun da Abuja babu komai tukuna, kuma a tsakanin nan kogin yake. Sabon layi mai faɗi bai tsallaka Kwara ba. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, an yi ta Dala a Kano, an yi ta Funtuwa, duk da alkawarin cewa ɗan kasuwa zai karɓi kwantenarsa a gida ba sai ya je Apapa ba. To ta ina kwantenar za ta zo in ba ta tsohon layi ba, in ba ta kan gadar Jebba ba? 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ake kwaɗaitar da su da sabon dogo, su ma lissafinsu a kan wannan mashigi zai tsaya har ranar da aka gina wata gadar. An kashe kuɗi mai yawa an gyara tsohon layin, kamfani ɗaya ya yi Legas zuwa Jebba, wani ya yi Jebba zuwa Kano, har jirgin fasinja ya dawo a watan Disambar 2012 mutane suka yi ta murna. Bayan 'yan shekaru zirga-zirgar ta koma yau akwai, gobe babu. Gyara na lokaci ɗaya ba ya maye gurbin kulawar kullum.

Wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci shi ne direban tirela da ke kwana a hanyar Ilori zuwa Jebba zuwa Mokwa, da mai tumatir da albasar da ke ruɓewa a cikin cunkoso, da mai shanun da ke sauke matattu a Legas, da matar gida a Kano da ke sayen kayan da kuɗin mota ya ninka farashinsu. Siminti da taki da hatsi da man fetur kaya ne na dogo. Mun ɗora su a kan kwalta, kwalta ta farfashe, muna gyarawa tana sake farfashewa. A watan Yunin 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu a kan wannan hanya, manyan motoci suka yi cirko-cirko, ƙasar ta ga yadda mashigin nan yake da rauni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Mokwa. A ƙarshen watan Mayun 2025 ambaliya ta afka wa garin da asuba, ta share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, hukumomi suka tabbatar da mutuwar mutum sama da 150, wasu da dama kuma ba a gan su ba. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Mazauna garin sun shaida wa manema labarai cewa ruwa ya yi kwanaki yana taruwa a bayan tudun da layin dogo ya bi ta kai, kafin ya ɓalle. Layin nan shi ne wanda ya sauko daga gadar Jebba, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota. Ruwan sama na Allah ne, ba mai hana shi sauka. Amma tudun dogo da kwalbatocinsa aikin mutum ne, kuma a tsarin da na bayyana a sama akwai wanda aikinsa ke nan ya bi wurin da ƙafa, ya ga ruwa na taruwa inda bai kamata ba, ya kai rahoto. Tsohon layin dogo da aka yi watsi da shi ba ya zama shiru a inda yake. Yana iya zama haɗari ga mutanen da ke kwana a ƙarƙashinsa.

Don haka abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Ma'aikatar Sufuri da Hukumar Jiragen Ƙasa su sa ƙwararrun injiniyoyi, kuma muna da su a jami'o'inmu da ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, su binciki gadar Jebba tun daga ƙarafan sama har gindin ƙafafunta a cikin ruwa, su faɗi nauyin da za ta iya ɗauka a yau da gyaran da take buƙata. Tun da aka gina madatsar Kainji a 1968 da ta Jebba a shekarun 1980, yadda ruwa ke gudu a ƙarƙashinta ya sauya daga abin da masu zanen farko suka lissafa, wannan kaɗai ya isa dalilin dubawa. A buga sakamakon kowa ya gani, kada a kulle shi a durowa. Sanatoci da 'yan majalisar wakilai na Arewa, waɗanda jama'arsu suka fi kowa dogara da mashigin nan, su ne ya kamata su fara tambaya a zauren majalisa, su kuma tabbatar an ware kuɗin kula da layi a kasafin kowace shekara, ba sai an jira wata babbar kwangilar gyara ba. A dawo da leburorin layi daga garuruwan da dogo ya ratsa, a biya su a kan kari. Matasan Mokwa da Jebba da Zungeru ba su rasa ƙarfi ba, aiki suka rasa.

Sannan a rubuta tarihin da harshenmu. Takardun aikin dogo suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna da Badun, ɗaliban tarihi na Zariya da Kano da Ilori da Lapai za su iya zaƙulo garuruwan da aka ɗebi mutane da abin da aka biya su. A je a naɗi muryar tsofaffin ma'aikatan reluwe tun suna da rai. Hukumar kula da gidajen tarihi ta sa gadar cikin abubuwan da doka ta kare. A Jebba akwai hasumiyar tunawa da Mungo Park da Richard Lander, Turawan da suka bi kogin suna neman inda ya ƙare. Ya kamata a bakin gadar a kafa allo da Nupanci da Yarabanci da Hausa, a rubuta shekarar da aka fara da wadda aka gama, da sunayen ƙasashen sarautar da mutanensu suka yi aikin, da kuma asusun da aka biya bashin daga cikinsa.